Ciwon Dajin Hanji Mai Bin Jini: Yadda Ake Gane Gidan, da Wanda Za a Fara Gwadawa

A sanarwar rasuwa ta ƙasar nan, ciwo biyu ne kaɗai ke kashe mutum: "gajeriyar rashin lafiya" da "doguwar jinya". Ba a ambaton sunan cuta. A yi wanka, a yi sallah, a kai mamaci makwancinsa, masu ta'aziyya su ce kwana ne ya ƙare. Haka ne kuwa. Amma a gidan da ciwon dajin hanji yake bin jini, wannan shirun ne ke sa bayan 'yan shekaru ƙane ya kwanta da ciwon da ya tafi da wansa, ana ta ɗura masa jiƙon basir har ciki ya toshe.

Mafi yawan masu ciwon dajin babban hanji da dubura ba gadonsa suka yi ba. Cikin mutum 100 masu ciwon, 5 zuwa 10 ne ake samu da wata ƙwayar gado mai lahani da aka san sunanta. Ba su da yawa, sai dai su ne ciwon ke kamawa da ƙuruciya, kuma danginsu ne ake iya tara tun suna lafiya lau a fara dubawa. Wahalar biyu ce: gane wane gida ne, da sanin wa za a kashe wa kuɗin gwaji a cikin gidan. Na rubuta wannan ne don mai jinya, da kuma ma'aikacin lafiya a Argungu, Yawuri, Zuru ko Jega, wanda shi ne ke fara jin koken.

Mataki na 1: San abin da kake nema

Cikin masu bin jinin, wanda ya fi yawa shi ne ciwon Lynch, mai ɗaukar kimanin kashi 3 cikin 100 na duk ciwon dajin hanji. Kowane lokaci ƙwayoyin jiki suna kwafar rubutun gadon da ke cikinsu, kamar gardi ya rubuta allo ya kai wa alaramma ya fitar masa da gyara. Masu fitar da gyaran a jiki su ne ƙwayoyin gado huɗu, MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2, sai wata maƙwabciyar MSH2 mai suna EPCAM wadda lalacewarta kan rufe mata baki. Idan mutum ya gaji ɗaya a lalace, kurakurai na taruwa babu mai gyarawa. Tsiron da zai ɗauki shekara goma a hanjin wani kafin ya zama daji, a hanjin mai Lynch yana iya zama cikin shekara ɗaya zuwa uku. Kuma ba hanji kaɗai ba: mahaifa, ƙwan mace, tumbi, ƙaramin hanji da hanyar fitsari duk suna ciki.

Na biyu shi ne FAP, daga ƙwayar APC. Shi ba ya ɓuya. Tun ƙuruciya tsiro ɗaruruwa ko dubbai ke cika hanji, kuma in ba a cire hanjin ba, kusan babu mai tsira daga daji zuwa wajen shekara 40. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu shi ba a samun ciwon a iyayensu, a kansu ya fara.

Kada a auna waɗannan biyu da ma'aunin sikila. A sikila sai AS ya haɗu da AS. A Lynch da FAP uwa kaɗai ko uba kaɗai ya isa, kuma kowane ɗa ko 'ya rabi da rabi ne: ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Wanda ke tafiya irin ta sikila shi ne na ƙwayar MUTYH, da aka gano a Birtaniya a 2002. Iyaye lafiya ƙalau, 'ya'ya biyu ko uku na ɗaki ɗaya da tsiro a hanji. A wurinmu da auren zumunci ya yi yawa, wannan ba abin mantawa ba ne. Gwajin jinin da ake yi kafin aure kuwa ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu.

Mataki na 2: A tabbatar daji ne

Jini a bayan gida ba baƙon abu ba ne a nan. Akwai basir na gaske, akwai atuni, akwai tsargiyar hanji ga masunta da manoman fadama a bakin Neja. Saboda haka kowa ke ɗauka nasa ma shi ne. Ƙa'ida mai sauƙi: jinin da ya wuce makonni bai tsaya da magani ba, ko sauyin bayan gida da ya daɗe, ko rama, ko ƙarancin jini ga namiji baligi ba tare da dalili ba, sai likita ya sa yatsa ya duba dubura, sa'annan a yi kolonoskofi, wato a zura siririn bututu mai kyamara a ga hanjin har ƙarshensa. Har ƙarshe nake nufi, domin dajin Lynch ya fi son ɓangaren dama, can nesa da dubura, inda jini ba ya fitowa ja. Mutum dai ya yi ta fari, ana ƙara masa jini, ana cewa shawara ce ko taifod.

Asibitin tarayya na Birnin Kebbi, wanda har yau mutane ke kira FMC, da Asibitin Sir Yahaya, su ne ƙofar farko. Daga nan ake tura mutum asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Shika, ko Kano, gwargwadon abin da ake buƙata.

Mataki na 3: Zana gidan a takarda

Wannan ne aikin da ya fi kowanne muhimmanci, ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Shi kansa ciwon Lynch daga bakin wata mata mai ɗinki aka fara jin labarinsa. A 1895 ta gaya wa wani likita a Mishigan ta Amurka, Aldred Warthin, cewa ta san daji ne zai kashe ta domin haka danginta ke mutuwa. Ya bi salsalar gidan ya wallafa a 1913. Henry Lynch ya ɗora a kai daga 1966. Ita ƙwayar da ta addabi wannan gida, MSH2, sai a 2000 aka kama ta. Takarda ta riga na'ura da kusan shekara casa'in.

Ɗauki babbar takarda, bayan tsohuwar kalanda ma ya isa. Maza murabba'i, mata da'ira. Fara da marar lafiya, ka sa iyayensa, kakanni huɗu, 'yan'uwansa, 'ya'yansa, baffanni, gwaggwanni, kawunai da innoni. A kan kowa rubuta abu uku: yana raye ko ya rasu, wane ciwo ya yi, yana da shekara nawa ciwon ya fara.

A nan harshenmu ke yi mana tarko. "Ɗan'uwana ne" ba amsa ba ce. Bahaushe na kiran ɗan baffansa wa, yana kiran ƙanwar uwarsa inna, yana kiran wanda suka sha nono ɗaya ɗan'uwa. Sai ka tambaya dalla-dalla: uwa ɗaya uba ɗaya ne, ko 'yan uba ne? Haifarsa aka yi a gidan, ko riƙo aka kawo shi, ko agola ne? Likitoci na lissafin kusanci hawa-hawa. Hawa na farko: uwa, uba, 'ya'ya, da shaƙiƙai. Hawa na biyu: kakanni, jikoki, baffa, gwaggo, kawu, inna, da 'yan uba ko 'yan uwa ɗaya uba daban. Ɗan riƙo da ɗan'uwan shayarwa ba sa shiga, sai in akwai jini ta wata hanya. A gidan mai mata uku ko huɗu, zana kowane ɗaki daban. Wannan ma riba ce: in ciwon ya fito a ɗakuna biyu, ido ya koma kan maigida da danginsa; in ɗaki ɗaya ya tsaya, a bi dangin uwar ɗakin. Inda aka yi auren zumunci a ja layi biyu tsakanin miji da mata, domin a irin wannan gida dangin uwa da na uba tushe ɗaya ne.

Wa za a tambaya? Ba maigida ba. Tsoffin mata ne ke riƙe da wannan ilmi, su suka yi jinya, su suka wanke tsumma. Na taɓa raka wani maƙwabcina wajen ƙanwar mahaifinsa bayan an yi wa wansa aiki yana ɗan shekara 38. Mun same ta tana tsince shinkafa a faifai. Da ya ce, "Gwaggo, akwai wanda ya taɓa yin kansa a gidanmu?" ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Kansa? Allah shi kiyaye. Babu ta gidanmu."

Sai muka sauya tambaya. Baba me ya yi fama da shi? "Basir na, mai tsiro. Ya rame har zobenai ya bar zama ga yatsa." Akwai wadda ta yi zubar jini? Ta ajiye faifan. "Yayata. Jini ya ƙi ɗauke mata, anka kai ta Sakkwato anka cire mahaifa. Ba ta daɗe ba." Yaushe? "Shekarar da anka ba mu jiha. Autanta na goye."

Ka ga an samu mutum uku a jere biyu, daga gidan da "babu kansa". Darasin tambaya ke nan: kada ka nemi sunan cuta, nemi abin da ido ya gani. Kumburin ciki, amai da rashin fitar bayan gida, aikin da aka fitar wa mutum hanji ta gefen ciki, jinin mace da ya ƙi tsayawa, fitsarin jini ga babba. Shekaru kuma a ɗaura su da abin da kowa ya sani: rasuwar Sardauna a 1966, canjin kuɗi zuwa naira a 1973, rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1988, samun Jihar Kebbi a 1991, ambaliyar 2010 ko ta 2020. Matar da ke goyo a 1991 ba ta kai 50 ba, kuma abin da ake son sani ke nan. Duk wata tsohuwar takardar asibiti, kati ko sakamakon gwaji da aka samu a ƙasan akwati, a ɗauki hotonta.

Mataki na 4: Auna gidan, amma kada ma'auni ya ɗaure ka

Ma'aunin da ya fi shahara shi ne na Amsterdam, na farkon shekarun 1990, wanda aka faɗaɗa a 1999. Ana haddace shi da 3-2-1: mutum uku a dangi da dajin da ke cikin jerin Lynch, ɗayansu hawa na farko ne ga sauran biyun, jere biyu a bi da bi, kamar uba da ɗa, ɗaya aƙalla ya kamu kafin shekara 50. Da sharaɗin an tabbatar da kowane ciwo ta gwajin nama.

Wannan sharaɗi na ƙarshe a ƙasar da ake ajiye fayil shekara da shekaru aka rubuta shi. Can ɗin ma, rabin gidajen da ke da Lynch ko fiye ba sa cika 3-2-1. Balle a nan, inda baban bai taɓa ganin likita ba, kakan kuma wani ciwon ya ɗauke shi tun bai kai shekarun da dajin zai fito ba. Ra'ayina shi ne, gidan da ya cika 3-2-1 ko da da baki ne, a ɗauke shi da gaske; wanda bai cika ba kuma kada a sallame shi. Ƙa'idojin Bethesda da aka sabunta a 2004 sun fi dacewa da mu, domin suna kallon marar lafiyar da ke gabanka. A nemi gwaji idan an samu ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon ya zo kafin shekara 50; mutum ɗaya ya yi daji biyu, kamar hanji da mahaifa, tare ko a jere; akwai ɗan'uwa na hawan farko da irin ciwon, ɗayansu ƙasa da 50; ko akwai biyu a hawa na farko ko na biyu, komai shekarunsu. Ƙara da wanda aka ga tsiro goma ko fiye a hanjinsa, shi hanyar APC da MUTYH za a bi. Sai yaron da ke da ɗige-ɗige baƙaƙe a leɓe da cikin kumatu tare da murɗawar ciki mai tsanani, wannan wani ciwon gadon ne daban, kuma a fatarmu sai an buɗe baki an haska ake gani.

Mataki na 5: Kada naman ya salwanta

Ingila ta daina dogaro da tarihin gida kawai. Tun 2017 shawarar hukumarsu ta harkar lafiya ita ce a gwada naman duk wanda aka samu da dajin hanji. Mu ma ta nan hanya ta fi sauƙi, domin gwajin nama ya fi gwajin jini araha nesa ba kusa ba. Amma sai naman ya tsira.

Na ga an fito daga ɗakin tiyata an miƙa wa dangi gutsuren hanji cikin robar fenti da ruwan gishiri, aka ce su kai gwaji. Ranar Alhamis ce, cikin zafin Afrilu. Suka ce sai an sayar da buhu biyu a samu kuɗin mota. Kafin Litinin babu abin da ya rage da za a karanta. Wasu kuma binne shi suke yi, don suna ganin sashen jikin mutum ne, kuma babu wanda ya yi musu bayani. Tun kafin a shiga aiki ka tambayi likita: ina za a kai naman, wa zai kai, nawa ne? A tsoma shi nan take cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10, ruwan ya ninka naman kamar sau goma, a rufe, a rubuta suna da kwanan wata. A ɗakin gwaji za a daskarar da yankinsa cikin kaki, ya zama ɗan bulo da bai kai akwatin ashana ba. Wannan bulo na shekaru bai lalace ba. Rubuta lambarsa ka adana. Ko marar lafiya ya rasu, da shi za a iya bincika wa 'ya'yansa.

Gwajin da za ka roƙa a yi a kan bulon, likitoci na rubuta shi IHC na MMR: rini ne da ke nuna ko masu gyaran nan huɗu suna nan a cikin ƙarin. Akwai ɗan'uwansa MSI, mai neman tarin kurakuran kai tsaye. Idan MSH2 da MSH6 suka ɓace, ko MSH6 kaɗai, ko PMS2 kaɗai, zargin gado ya yi ƙarfi. Idan MLH1 da PMS2 ne suka ɓace, a dakata: sau da yawa, musamman ga tsofaffi, a cikin ƙarin kaɗai abin ya faru, ba gado ba ne. Gwajin wata ƙwayar gado mai suna BRAF, ko wanda ke duba ko an toshe MLH1 a ƙarin, shi ke raba gardama. Wani bincike da likitocin Ile-Ife suka yi da asibitin Memorial Sloan Kettering na Amurka, wanda ya fito a 2021, ya samu wannan alama ta tarin kurakurai a kusan kashi 28 cikin 100 na marasa lafiyar Najeriya da aka gwada, kusan ninki biyu na Amurkawan da aka kwatanta su da su. Ba dukansu ne masu Lynch ba, amma ya isa dalilin a riƙa nema. Sakamakon yana amfanar shi kansa marar lafiyar, domin irin wannan ƙari ne ke jin sababbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki.

Mataki na 6: Jinin marar lafiya ake fara ɗiba

Kuskuren da masu hali ke yi: wa na kwance, ƙane mai kuɗi ya tsorata, ya tafi Abuja ya gwada kansa. Sakamako ya ce ba a ga komai ba, ya dawo da murna. Bai san komai ba tukuna, domin ba a san me ake nema a gidan ba. A fara da wanda ke da ciwon, in sun fi ɗaya a zaɓi wanda ya kamu da mafi ƙarancin shekaru. In yana jin jiki, kada a jira ya warware. Jini ko yawu ake ɗauka, galibi a tura ta hannun manyan ɗakunan gwaji na Legas ko Abuja, wasu har ƙasar waje, a jira makonni. In aka gano lahanin, sauran dangi wuri ɗaya tak za a duba musu.

Kafin allura ta taɓa shi, a zauna da shi shi kaɗai, da Hausa, a gaya masa abin da sakamakon zai jawo wa 'ya'yansa da ƙannensa, a ji wa ya yarda a gaya wa. Matar aure ma ita za a tambaya, ko da mijin ne zai biya.

Mataki na 7: Amsa uku ce, ba biyu ba

Ko a ga lahani tabbatacce. Ko a ce ba a ga komai ba, wanda ba ya wanke gidan da tarihinsa ya yi nauyi. Akwai gidajen da suka cika 3-2-1 amma ba a samun Lynch a cikinsu. Ko kuma a ga wani sauyi da ba a san ma'anarsa ba, a rubuta VUS. Wannan na ukun ya fi faɗo wa 'yan Afirka, saboda ma'ajiyar bayanan da ake kwatantawa da ita jinin Turawa ya fi yawa a ciki. Ba a yanka mutum a kan VUS, ba a kuma gwada dangi da shi. Tarihin gida za a ci gaba da bi.

Mataki na 8: Sanar da dangi, da tsayar da ranar dubawa

Nan ne ake jin tsoro, kuma tsoron na da dalili: kada a ce gidan wane masu ciwo ne, 'yan mata su rasa manema, kishiya ta samu abin gori. Saboda haka ba a taron suna ko zauren WhatsApp na dangi ake faɗa ba. A samu babba ɗaya mai riƙe sirri, a bi mutane ɗaya bayan ɗaya, hawa na farko tukuna. Wanda ya ce ba ya son sani, a ƙyale shi, a bar masa ƙofa. A tuna wa kowa cewa ɗaukar ƙwayar ba shi ne kamuwa da ciwon ba, kuma wanda aka gwada bai ɗauka ba, 'ya'yansa ma sun fita. Yara ba a gwada su don Lynch sai sun kai 18. FAP ne ake gwadawa tun shekara 10 zuwa 12, domin a lokacin ake fara duba hanjinsu.

Mai lahani a MLH1 ko MSH2 zai fara kolonoskofi tsakanin shekara 20 da 25, mai MSH6 ko PMS2 tsakanin 30 da 35, a maimaita duk shekara ɗaya ko biyu. A Finlan an bi irin waɗannan gidaje shekara 15, aka ga dubawa a kai a kai ta rage kamuwa da mutuwa da sama da kashi 60 cikin 100. Mace ta kai kukan duk jinin da ya saɓa al'adarta, kada ta jira. In ta gama haihuwa akwai maganar cire mahaifa da za ta yi da likitan mata. Asfirin ma an nuna yana rage haɗarin ga masu Lynch, amma kada kowa ya saya a kemis ya fara sha, musamman mai gyambon ciki.

Gidan da kuɗin gwajin jini ya gagara ba a bar shi hannu rabbana ba. In tarihin ya yi kama da Lynch, a ɗauki duk 'yan hawan farko kamar sun ɗauka, a duba su a kan wannan tsari. In mutum ɗaya ne kawai ya yi ciwon, shaƙiƙansa da 'ya'yansa su fara kolonoskofi a shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da shi ya kamu, duk wanda ya riga zuwa. Wan maƙwabcina ya kamu a 38, ke nan ko babu labarin Gwaggo ƙannensa daga 28 za su fara. Sun ɗaura ranar da bayan girbin shinkafar damina, lokacin da akwai kuɗi a hannu kuma hanya ta bushe, suka rubuta ta a ƙasan kalandar nan da aka zana gidan, kusa da lambar bulon.